James Anderson, masanin yanayin da ya koya wa kwamfuta gane ɓarawo

A ranar 18 ga watan Nuwamban 2007, wani dattijo ɗan shekara 77 ya rasu a gidansa da ke jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka, wata uku kacal bayan ya ajiye aiki. Sunansa James P. Anderson. Bai mallaki wani katafaren kamfani ba, kuma babu na'urar da ke ɗauke da sunansa a kasuwa. Amma duk banki, ko kamfanin sadarwa, ko ma'aikatar gwamnati da ta girka na'urar sa ido kan masu kutse a rezonta na kwamfutoci, tana aiki ne da wata shawara da wannan mutumin ya rubuta tun a 1980.

Shawarar ba ta da wuyar fahimta. Mai kutse na iya sace kalmar sirrin ma'aikaci, ya shiga kwamfuta da sunansa, amma da wuya ya kwaikwayi yadda ma'aikacin ya saba yin aikinsa. Idan na'ura ta san halin kowa, za ta gane ranar da wani ya shigo da rigar aro. A kan wannan tunani ne aka gina masana'antar na'urorin gano kutse, waɗanda a yau ke gadin kuɗi da bayanan jama'a a ko'ina cikin duniya.

Daga hasashen yanayi zuwa kwamfuta

An haifi Anderson a 1930 a garin Easton na jihar Pennsylvania. Ya yi karatun kimiyyar yanayi a jami'ar jihar, wato Penn State. Daga 1953 zuwa 1956 ya yi aiki a rundunar sojan ruwan Amurka, da farko a matsayin hafsa mai kula da manyan bindigogi, daga baya ya koma sashen rediyo. A can ne ya fara hulɗa da saƙonnin da ake ɓoyewa da lambobin sirri, kuma daga nan sha'awar tsaron bayanai ta kama shi.

Da ya bar soja a 1956, ya samu aiki a Univac, ɗaya daga cikin kamfanonin farko da suka ƙera kwamfuta don sayarwa. Wanda ya ɗauke shi aiki shi ne John Mauchly, mutumin da shi da abokinsa Presper Eckert suka ƙera ENIAC, kwamfutar da aka nuna wa duniya a 1946. Mauchly ya daɗe yana son ganin an yi amfani da kwamfuta wajen hasashen yanayi, saboda haka ya ba wa matashin aikin shirya bayanan yanayi ta yadda na'ura za ta iya lissafa su. Dangantakarsu ta wuce ta ofis, Mauchly ya zama ubangidansa kuma aminin iyalinsa.

Aikin masanin yanayi shi ne tara alƙaluma na tsawon lokaci, ya san abin da aka saba gani a kowane wata, domin ya gane lokacin da zafi ko ruwan sama ya kauce wa al'ada. Bayan shekara 24, irin wannan lissafi ne Anderson ya kawo a fagen tsaron kwamfuta.

A 1959 ya koma kamfanin Burroughs, inda ya shugabanci wani sashe na bincike. Yana cikin waɗanda suka tsara na'urar D-825, kuma sunansa na cikin masu riƙe da takardar mallakar fasaharta. D-825, wadda ta fito a 1962 don amfanin soja, tana daga cikin kwamfutocin farko da ke iya haɗa ƙwaƙwalwa har huɗu suna aiki tare a lokaci guda. Daga 1964 zuwa 1966 ya yi aiki a kamfanin Auerbach, sannan ya buɗe nasa ɗan ofishi na ba da shawara mai suna James P. Anderson Company. A wannan ofishi ya ci gaba da aiki har tsawon shekara 40.

Matsalar da ta tayar wa sojoji da hankali

A farkon zamanin kwamfuta, tsaro ba shi da wahala. Na'urar tana cikin ɗaki guda, a kulle ƙofa, a ajiye mai gadi, shi ke nan. Abin ya canza a shekarun 1960, lokacin da aka samo hanyar da mutane da yawa za su yi aiki da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, wasu daga nesa ta layin tarho. Kwamfuta a lokacin tana da tsada ƙwarai, don haka sojojin Amurka suka so su riƙa raba ta tsakanin ma'aikata. Sai tambaya ta taso: ta yaya za a ajiye manyan asirai da bayanai na yau da kullum a na'ura guda, ba tare da ƙaramin ma'aikaci ya leƙa abin da bai shafe shi ba?

Ma'aikatar tsaron ƙasar ta kafa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin jagorancin Willis Ware na cibiyar bincike ta RAND, kuma Anderson na cikin mambobinsa. Rahoton kwamitin ya fito a watan Fabrairun 1970, kuma sai a 1975 aka cire shi daga jerin takardun sirri. Ya zayyana wuraren da bayanai ke iya yoyo, tun daga wayoyin sadarwa da manhaja har zuwa ma'aikatan da ke gyaran na'urar. Ya bayyana girman matsalar, amma hanyar magance ta ta rage a buɗe.

Rundunar sojan sama ta kafa wani kwamitin domin ya faɗi abin da za a yi. Anderson ne mataimakin shugaban kwamitin, shi ne kuma ya tsara rubutun. Rahoton ya fito a watan Oktoban 1972 cikin juzu'i biyu, kuma har yau masana na kiran sa Rahoton Anderson.

A wancan lokacin, hanyar da aka saba bi wajen gwada tsaro ita ce a ɗauko gwanaye a ce su fasa kwamfutar. In sun samu kafa, a toshe, a sake gwadawa. Rahoton ya nuna raunin wannan hanya: toshe kafar da aka gani ba ya nuna cewa babu wata, kuma in gwanayen sun kasa shiga, abin da aka tabbatar kawai shi ne su ne suka kasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da aka gina ba tare da tunanin ɓarawo ba, faci ba ya gyara shi. Dole a sa tsaro tun daga harsashi.

Abin da rahoton ya kawo shi ne tsarin mai gadin ƙofa a cikin zuciyar manhaja. Duk lokacin da wani mutum ko wata manhaja ta nemi taɓa wani bayani, sai buƙatar ta bi ta hannun mai gadin, ya duba ko akwai izini. An gindaya masa sharuɗɗa uku. Kada kowa ya iya yi masa katsalandan. Kada a samu wata hanya da za a kewaye shi. Sannan ya kasance ƙarami yadda za a iya bincikar sa gaba ɗaya a tabbatar ba shi da kuskure. Har yau ɗaliban tsaron kwamfuta na fara karatu da waɗannan sharuɗɗa.

Rahoton ya kuma yi gargaɗi kan dabaru biyu da suka zama ruwan dare daga baya. Ta farko ita ce manhajar da ke da fuska biyu, tana yin aikin da aka san ta da shi a fili, tana kuma sata a ɓoye da izinin wanda ya kunna ta. Ta biyu ita ce cusa wa manhaja bayanai fiye da wurin da aka tanadar musu, har su malala su rufe umarnin na'urar da umarnin mai kutse.

Rahoton 1980

Anderson ya san cewa kwamfutocin da ke aiki a ofisoshi ba su da irin wannan gini, kuma ba za a zubar da su ba. Saboda haka ya juya ga wata tambayar: in ba a iya hana ɓarawo shiga ba, ta yaya za a san ya shiga?

Amsar ta zo a wani rahoto da ya rubuta wa wata hukumar gwamnati a watan Fabrairun 1980, ya sake gyara shi a watan Afrilu, kan sa ido da bibiyar barazanar da ke fuskantar kwamfuta. Ya lura cewa manyan kwamfutoci na rubuta rajistar abin da ke gudana a cikinsu: wa ya shiga, da ƙarfe nawa, wane fayil ya buɗe, minti nawa ya ɗauka. Sai dai an tanadi rajistar ne domin lissafin kuɗin aiki da auna ƙarfin na'ura. Tana fitowa da yawan da babu jami'in tsaron da zai iya karance ta, kuma kafin a duba ta, ɓarnar ta riga ta auku.

Kafin ya ba da magani, sai da ya rarrabe ɓarayin. Akwai na waje, wanda ba shi da izinin taɓa kwamfutar ko kaɗan. Akwai kuma na cikin gida, waɗanda ya kasa gida uku. Na farko shi ne mai shigar burtu, wanda ke aiki da suna da kalmar sirrin wani. Na biyu shi ne ma'aikaci na halal da ke amfani da izininsa ta hanyar da ba ta dace ba. Na uku shi ne mai aiki a ɓoye, wanda ya ƙwace ikon shugaban na'ura har yana iya kauce wa rajistar ko ya kashe ta. Ya kuma nuna cewa da zarar na waje ya tsallake ƙofa, ya zama na ciki, domin na'ura ba ta ganin fuska, suna da kalmar sirri kawai take gani. Da ɗan gari akan ci gari, ko da kuwa ɗan garin bai san an ari sunansa ba.

Maganin da ya bayar shi ne a sa kwamfuta ta tace rajistar da kanta. A tara bayanan kowane ma'aikaci na tsawon lokaci, a fitar da ma'aunin abin da ya saba: lokacin da yake shiga, wurin da yake shiga daga shi, manhajojin da yake kunnawa, yawan bayanan da yake karantawa. Duk abin da ya yi nisa da wannan ma'auni sai a ware shi a kai gaban jami'in tsaro. Misali, akawun da kullum ke aiki daga safe zuwa la'asar, yana buɗe fayil uku ko huɗu, in aka ga sunansa ya shiga da tsakar dare yana kwashe fayiloli ɗari, akwai abin tambaya. Hali zanen dutse ne, kuma shi ne abin da mai shigar burtu bai sata ba.

Anderson bai ɓoye iyakar dabarar ba. Ta fi tasiri a kan mai shigar burtu. Ma'aikaci na halal da ke cin amana ya fi wuyar kamawa, tunda kusan duk abin da yake yi yana da izininsa. Mai aiki a ɓoye kuma ya fi su duka, domin yana ƙarƙashin inda rajista ke gani, sai an auna motsin na'urar kanta kafin a ji ɗuriyarsa.

Waɗanda suka ɗora a kan harsashin

Rahoton takarda ce, ba na'ura ba. Daga 1984 Dorothy Denning da Peter Neumann na cibiyar SRI da ke Kalifoniya suka fara gina tsarin IDES, wanda ke bibiyar halin masu amfani da kwamfuta yana kuma ƙorafi a kan lokaci. Maƙalar da Denning ta wallafa a 1987 ta zama ginshiƙin binciken da ya biyo baya.

Abubuwan da suka faru a waɗannan shekarun sun gaskata Anderson. A 1986 wani masanin taurari mai suna Clifford Stoll, wanda ke kula da kwamfutocin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley, ya ga giɓin santi 75 na dala a lissafin kuɗin amfani da na'ura. Bin diddigin wannan ɗan giɓi na tsawon watanni ya kai ga Markus Hess, wani mai kutse a birnin Hanover na Jamus ta Yamma, wanda ke shiga kwamfutocin sojan Amurka yana sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, abin da ya samo. Rajistar lissafi ce ta tona asirinsa.

A ranar 2 ga watan Nuwamban 1988 kuma, wata manhaja mai yaɗa kanta da ɗalibi Robert Morris ya saki ta durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet, wanda a lokacin bai wuce na jami'o'i da cibiyoyin bincike da na soja ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ta bi ita ce cusa bayanai har su malala, dabarar da Rahoton Anderson ya bayyana shekara 16 kafin nan.

A 1990 Todd Heberlein da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka ɗauke idon daga kan kwamfuta guda suka mayar da shi kan wayar da ke haɗa kwamfutoci, suna duba bayanan da ke kai da kawo. Daga nan ne aka samu na'urorin da ake girkawa a bakin rezo. A tsakiyar shekarun 1990 suka shiga kasuwa, irin su NetRanger da RealSecure, kuma a 1998 kamfanin Cisco ya sayi kamfanin da ke yin NetRanger. A wannan shekarar ce Martin Roesch ya fitar da Snort, manhajar gano kutse ta kyauta da ta ba wa ƙananan ofisoshi damar samun abin da a da sai masu ƙarfi.

Na'urorin yau na aiki ta hanya biyu. Ta farko ita ce kwatanta abin da ke wucewa da jerin alamomin hare-haren da aka riga aka sani, kamar yadda jami'in kan iyaka ke duba hotunan waɗanda ake nema. Wannan hanya ba ta cika kuskure ba, amma sabon ɓarawo na wuce ta. Ta biyu ita ce ta Anderson, neman abin da ya kauce wa al'ada. Tana iya kama harin da ba a taɓa gani ba, sai dai tana yawan ihu a kan abin da ba laifi ba ne, kamar ma'aikacin da ya tsaya aikin dare a ƙarshen wata. Akwai kuma bambanci tsakanin na'urar da ke gefe tana kallo tana ƙorafi, da wadda bayanai ke ratsawa ta cikinta, mai ikon datse hanya nan take. Ta biyun na hana ɓarna, amma in ta yi kuskure, abokin ciniki na gaskiya take rufe wa ƙofa.

Mutumin da ba ya son fitowa fili

A shekarun da wasu ke mayar da shawararsa kasuwanci, Anderson ya ci gaba da aikinsa na ba da shawara ga kamfanonin kwamfuta da na sadarwa da hukumomin tsaro. Ya sa hannu a rahotanni sama da 200. Yana cikin waɗanda suka yi aikin kundin ƙa'idojin auna amincin kwamfuta na ma'aikatar tsaron Amurka, wanda ya fito a 1983, aka kuma fi sanin sa da Littafi Mai Ruwan Lemu saboda launin bangonsa. Kundin ya jera kwamfutoci daki-daki daga matakin D har zuwa A1, ya kuma wajabta ajiye rajistar tsaro tun daga matakin C2.

Abokan aikinsa sun san shi da faɗin gaskiya ba kwana-kwana. Abubuwa biyu ya fi nanatawa: yawancin manhajojin da ake sayarwa ba a tsara su da kyau ba, kuma sakacin ma'aikata na iya rushe tsaro komai ƙarfinsa. Ya horar da matasa da dama da suka zama manya a fagen, amma shi kansa yana gudun yabo. A 1990 aka ba shi lambar yabo ta ƙasa kan tsaron kwamfuta, wadda hukumar ƙa'idoji ta NIST da cibiyar tsaron kwamfuta ta hukumar NSA ke bayarwa. A jawabinsa na karɓar lambar ya nuna cewa ba za a ce an yi nasara ba sai ranar da mutum na yau da kullum zai yi amfani da kayan tsaro cikin sauƙi da natsuwa kamar yadda ƙwararre ke yi. Ya yi ritaya a watan Agustan 2007.

Bayan rasuwarsa

Manyan satar bayanai da aka yi bayan 2007 sun faɗa cikin rukunan da ya zana. A 2013 Edward Snowden, ma'aikacin kwantiragi mai ikon kula da na'urori, ya fita da tarin takardun sirri daga hukumar NSA kanta. A ƙarshen wannan shekarar aka sace bayanan katin banki kusan miliyan 40 daga kamfanin shaguna na Target a Amurka. Binciken da ya biyo baya ya nuna na'urar gano kutse ta yi ƙorafi, amma ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba. A watan Fabrairun 2016 masu kutse suka yi amfani da shaidar shiga ta babban bankin Bangladesh a tsarin tura kuɗi na SWIFT, suka yi awon gaba da dala miliyan 81, bayan sun ɓoye sawunsu daga rajistar bankin.

Afirka ma ba ta tsira ba. A watan Janairun 2018 jaridar Le Monde ta Faransa ta ruwaito cewa a farkon 2017 ma'aikatan kwamfuta na hedikwatar Tarayyar Afirka da ke Adis Ababa sun lura na'urorinsu na aiki tuƙuru tsakanin tsakar dare da ƙarfe biyu, lokacin da babu kowa a ofis, suna tura bayanai zuwa birnin Shanghai. Ƙasar Sin, wadda ta gina ginin, ta musanta zargin, haka ma shugabannin tarayyar. Amma alamar da jaridar ta ce ta jawo hankali, wato aiki a lokacin da bai kamata a yi aiki ba, tana cikin abubuwan da rahoton 1980 ya ce a riƙa dubawa.

A Nijar, inda biyan albashi da tura kuɗi ta salula da ajiyar takardun gwamnati ke ƙara komawa kan kwamfuta, an kafa dokar yaƙi da laifukan intanet a 2019. Doka na hukunta wanda aka kama. Kamawar kuwa na buƙatar rajista da aka ajiye da kyau, na'urar da ke tace ta, da ma'aikacin da zai tashi ya duba idan ƙararrawa ta kaɗa. Biyun farko ana sayen su da kuɗi. Na ukun shi ne wanda Anderson ya shafe shekaru yana jan kunne a kansa.